Jakar da Saje Ya Bar Mini Ajiya

Kafin in fara, ya kamata in faɗa cewa abin nan ya daɗe, kuma ƙwaƙwalwata ba ta da riƙon da nake yi mata zato a da. Akwai wuraren da na tabbata da su. Akwai kuma waɗanda na sha ba da labarinsu har na kasa rabe abin da ya faru da abin da bakina ya saba faɗa. Inda nake shakka zan ce ina shakka. Matata ta ce in na bi wannan ƙa'ida rubutun ba zai taɓa ƙarewa ba, amma zan gwada.

A lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba. Fastocin 'yan takara ba su gama koɗewa a jikin katangu ba, ga kuma maganar Shari'a ta cika gari, a rediyo, a cikin tasi, a teburin mai shayi. Ni kuwa na gama hidimar ƙasa da digirin kimiyyar sinadarai, ina zaune a ɗakunan baya na gidan kawuna a Nassarawa GRA, cikin Kano, ina jiran aiki. Kawu ya shiga siyasa da ƙarfinsa, kuma duk sanda na gaishe shi sai ya ce ana nan ana duba takarduna. Ban taɓa sanin wa ke duba su ba. Gidan tsohon gini ne mai faɗin fili, da darbejiya a jere da bishiyar mangwaro guda a bakin ƙofa. Ɗakina rufin kwano ne, yana yoyo a wurare uku. Na san wuraren sarai, kowanne da kwanon da nake tara masa.

Mutum biyu ne abokan zamana a wannan zaman jira. Na farko kukun gidan kawu, mutumin Jigawa, wanda ke zaune a unguwar Gama yana zuwa kullum a kan keke. Malam nake ce masa. Shi ne ya laƙa mini Farfesa, tun ranar da na yi masa bayanin dalilin da ya sa albasa ke sa hawaye, ya saurara har na gama, sannan ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanka ya gani ko ilimin zai hana. Na biyu wani dattijo ne da ke zaune a ɗakin baya na gidan da ke jikin namu, mutumin kudancin Zariya, Kirista, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa. Yana riƙe da sito a wata makarantar firamare mai zaman kanta a unguwar. Kowa Saje yake ce masa, ni kuma Baba. Bayan la'asar mukan zauna mu uku a gindin mangwaron da rediyonsa, Malam yana tsinke zogale, Saje yana gyara wa masu karanta labarai Hausa, ni kuma ina ba da ra'ayi iri biyu a kan kowace magana don kada a kama ni da ɗaya.

Da aka yi tashin hankali a Kaduna, aka kuma fara maganar ƙaddamar da Shari'a a Kano, mutane da yawa daga cikin maƙwabtanmu Kiristoci suka tura iyalansu gida. Saje ya ce shi ba ya zuwa ko'ina, ya girmi gudu. Amma 'yarsa ta matsa, saƙo yana bin saƙo, har dai gab da faɗuwar damina ya yarda zai je ƙauye ya yi 'yan watanni. Ranar da zai tafi, da hantsi, ya shigo ɗakina da wata jaka rataye a kafaɗa.

Jakar soja ce ta tamfol, irin ta da, mai murfi da maɓallan tagulla biyu da maratayi mai faɗi. Launinta kore ne da ya sha rana har ya koma kamar busasshen ganye. Babu komai a ciki, don a shafe take.

"Farfesa, ajiya na kawo maka," in ji shi. "Ba zan bi hanya da kayan soja ba a wannan yanayi, kowane shinge sai an tsare ni da tambaya. Kuma ɗakina ba na amince wa rufinsa."

Na kalli kwanukana uku da ke jere a ƙasa.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada ruwa ya taɓa ta."

"In sha Allahu, Baba. Gwargwadon iko dai."

"Ban ce gwargwadon iko ba. Na ce kada ruwa ya taɓa ta."

Na ce to. Ya ajiye ta a kan katifata, ya ɗan shafa murfin da tafin hannu, ya fita. Ban tambaye shi dalili ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, ko da yake Malam yana lissafa shi na biyu, wai na farko shi ne karɓar da na yi.

Da na kai wa Malam labari a kicin, bai ko ɗago daga tukunya ba.

"Ga buhun shinkafa can mai leda a ciki. Sa ta, ka ɗaure baki, ka ɗora a kan kabad. Shi ke nan."

Yanzu na san wannan ita ce amsar. Ina jin a ranar ma na sani. Amma sai na fara tunani, kuma ni tunani bai cika yi mini alheri ba. Leda tana tara gumi, gumi kuwa ruwa ne, kuma yana kawo fumfuna. Ɓera na iya huda buhu. Rufin da ke yoyo a wurare uku, wa ya ba ni tabbacin ba zai ƙara na huɗu ba, daidai kan kabad? Na kwana biyu ina ɗaga jakar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai na tuna mun taɓa karanta cewa ana shafa wa tamfol kakin zuma ya hana ruwa shiga, haka masu jirgin ruwa da sojoji suke yi a da. Na ga ashe maimakon in yi ta tsare jakar daga ruwa, zan iya mai da ita abin da ruwa ba ya yi wa komai. Zan mayar wa Saje da ajiyarsa ta fi yadda ya kawo ta. Ba zan ɓoye ba, akwai kuma wani abu a ƙasan wannan: shekara guda ke nan digirina bai yi wa kowa amfanin ko sisi ba, ga dama ta zo har kan katifa.

Ban yi gaggawa ba, wannan kam a shaide ni. Na je ɗakin karatu na yini biyu. Na hau bas zuwa Hotoro wurin wani mai sayar da zuma da aka yi mini kwatance, na sayo kaki dunƙule biyu, na sa shi ya rantse ba a gauraya shi da komai ba, har ya tambaye ni ko magani zan haɗa. Na biya wurin masu ɗinkin kujerun mota na roƙi ƙyallen tamfol don gwaji. Na narkar da kakin da kyandir a gwangwanin madara a kan risho, na sauke, na ɗiga kananzir kaɗan don ya yi laushi, na shafa wa ƙyallen da burushin fenti, na bi da dutsen guga. Da ya huce na zuba masa ruwa. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, ƙyallen a bushe. Na rubuta sakamakon a littafina kamar yadda aka koya mana. Har yau littafin yana nan, kuma a ƙasan shafin akwai layin da na rubuta da hannuna: launi ya ɗan yi duhu, ba matsala.

Sai kuma wani tunanin ya taso. Ajiya amana ce, shin ya halatta in taɓa ta? A wannan shekarar kowa ya zama mai neman fatawa, mutane na tambayar malamai har hukuncin abin da suka shekara talatin suna yi. Bayan sallar la'asar na tsaya na jira limamin masallacin layinmu, wani dattijo marar son doguwar magana.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce. Idan mutum, ba lallai ni ba, aka ba shi ajiya, kuma ya ga akwai wata hanya da wataƙila za ta ƙara kare ajiyar, ko da yake za ta iya ɗan sauya ta, amma ba sauyi na ɓarna ba, a iya saninsa dai…"

"Me mai kayan ya ce?"

"Ya ce kada ruwa ya taɓa."

"To kada ruwa ya taɓa."

"Na'am. Wato ke nan duk abin da zai hana ruwa…"

"Ka ajiye masa kayansa yadda ya ba ka," in ji liman, yana neman takalminsa.

Jumla biyu ya faɗa. Na auna su a hanya, na ga ta farko ta fi ƙarfi tunda da ita ya fara. Na koma gida da fatawata.

A ranar da yamma ne na buɗe jakar karo na farko, don in kakkaɓe ƙura kafin aiki. Kafin nan ban buɗe ba, ina ganin leƙa ajiya rashin kunya ne. Da na ɗaga murfin sai na ga rubutu a cikinsa. Layi bakwai ne, an yi su da fensirin nan na da wanda ake lasa ya koma shuɗi. Sunayen mutane ne, kowanne da sunan mahaifinsa, wasu na Musulmi wasu na Kiristoci. Rubutun ya dushe ƙwarai. Nan na gane abin da Saje ke tsoro, don irin wannan fensir da ya ji ruwa sai ya narke ya bazu. Ba jakar yake nufi ba, murfin yake nufi.

Mai hankali a nan zai ajiye burushi ya je ya ɗauko buhun shinkafa. Ni abin da na fahimta shi ne murfin ya fi ko'ina bukatar kariya, don haka shafi biyu zan yi masa.

Amma saboda halina na tsoron abin da ka iya faruwa, na ɗauko littafina na kwafe sunayen. Shida sun karantu, da ƙyar. Na biyar ya faɗa daidai inda murfin ke lanƙwasa, ya goge har sai ɗan alamun haruffa. Rana ta yi ƙasa, ɗakin ba haske sosai, ga wuta an ɗauke. Ban so in rubuta abin da ban tabbata ba, sai na ja layi a gurbinsa, na rubuta a gefe: a sake dubawa da hasken safe.

Da safe hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, na farko a shekarar. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Na firgita. Na ga kamar ruwan nan jakar kawai ya nufo. Na kunna risho a barandar ɗakina, na shimfiɗa ragowar fastocin ɗan takarar kawu, waɗanda ke jibge a gareji tun bayan zaɓe, na kwantar da jakar a kansu. Hasken safen da na yi wa kaina alkawari bai ko faɗo mini a rai ba. Malam ya leƙo da ludayi a hannu.

"Farfesa, me ake toyawa?"

"Kariya nake yi mata."

"Mai jakar ya ce a yi mata kariya?"

"Ya ce kada ruwa ya taɓa ta."

"Ga buhu can fa."

"Malam, leda tana tara gumi."

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya koma. Yadda ya faɗe ta ba addu'a ba ce.

Na shafe bayan jakar da gabanta da gindinta, na bi ɗinki-ɗinki. Aikin yana kyau, ƙamshin zuma ya cika barandar. Sannan na buɗe murfin na shafa kakin a kan rubutun, a hankali, da ladabi ma zan ce. Na ƙara shafi na biyu. Na ɗora takarda, na danna dutsen guga mai zafi, na ƙirga goma. Da na ɗaga takardar, tamfol ɗin ya shanye kakin ya koma launin ƙasa mai duhu, kamar jiƙaƙƙiyar fata. Babu layi bakwai. Babu ko ɗaya.

Na ce wataƙila in ya huce za su fito. Ya huce. Na ce wataƙila sai ya kwana. Ya kwana. Hadarin nan kuwa, in ban manta ba, ko ɗigo bai sauke a unguwarmu ba, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi.

Abin da na yi a watannin da suka biyo baya ba abin alfahari ba ne. Na ɗaga murfin ga rana tsaka ina leƙe. Na haska shi da tocila ta baya. Na kankare gefe guda da bakin cokali, na ga zaren yana tashi, na bari. Na koma ɗakin karatu, inda na samu cewa hanyar da ta fi cire kaki daga tufa ita ce tafasasshen ruwa. Na zo na gaya wa Malam.

"Ruwa kuma?" ya ce. "Abu ɗaya tak da mutumin nan ya hana, shi ne ya rage ba ka yi ba, shi kake so ka cike?"

Na kuma yi tunanin in sake rubuta sunayen a kan murfin, in kwaikwayi hannun Saje. Na gwada a ƙyallen gwajina, fensir ya ƙi kama kaki. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, kuma ina fatan da shi a ciki, amma gaskiya fensirin ne ya fara ƙi. Ko da ya kama ma, me zan sa a layi na biyar?

Daminar ta yi ruwa sosai. Rufina ya ƙara wurin yoyo na huɗu kamar yadda na yi hasashe, sai dai ba a kan kabad ba, a kan katifata. Jakar tana rataye a ƙusa, tana ƙyalli, ba abin da ya same ta. Aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika ya batse, aka watse lafiya. Maƙwabta suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na ga ya sauko daga tasi da kaya a bakin layi sai in leƙa in ga ko Saje ne. Na tsara jawabin da zan yi wa Saje, na gyara shi ya fi sau goma. A wani zubin na fara da bayanin yadda leda ke tara gumi. Na karanta wa Malam, ya ce in cire duk wani abu da ya zo kafin "na ɓata maka".

Saje ya dawo bayan an yi girbi. Ya ɗan rame, amma muryarsa tana nan. Ya kawo wa Malam citta, ni kuma ya kawo mini doya biyu, abin da ya ƙara mini nauyi. Bayan la'asar muka zauna a gindin mangwaro kamar da. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka yi maganar hanya. Sannan ya ce, "Farfesa, ina ajiyata?"

Na shiga na ɗauko ta, da littafina a ɗaya hannun. Tun daga nesa ya tsura mata ido.

"Wannan ta wa ce?"

"Taka ce, Baba."

"Tawa ba baƙa ba ce."

Jawabin da na tsara ya gudu. Na durƙusa na ce, "Baba, na ɓata maka. Kakin zuma na shafa mata don kada ruwa ya shiga. Rubutun da ke cikin murfin ya tafi."

Ya karɓa, ya ɓalle maɓallan, ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallo. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya shafa da babban yatsa. Rediyo na ta magana, Malam ya miƙa hannu ya kashe.

"Amma na kwafe su kafin in shafa," na ce da sauri. "Ga su nan. Galibinsu dai."

"Galibinsu."

"Shida."

"Karanta."

Na karanta. Kowane suna na faɗa sai ya gyaɗa kai ya ƙara wani abu: wannan mai busa sarewa ne, wannan bai dawo ba, wannan ya rasu a Jos bayan yaƙi da daɗewa. Su bakwai ne abokan rukuninsa, shi ne na takwas, kuma ya rubuta sunayen ne ranar da za su haye wani kogi, don in wani bai haye ba a san wanda za a nema wa dangi. Na karanta na huɗu, na tsallaka zuwa na shida.

"Ka tsallake ɗaya."

"Shi ne bai karantu ba, Baba. Na bar gurbinsa, na ce zan sake dubawa da safe."

"Ka duba?"

"Hadari ne ya taso."

Ya rufe ido. Na ga leɓensa yana motsi. Ya ce na biyar ɗin dogo ne, mai wushirya, mutumin wajen Haɗeja. In zai yi salla a daji wannan jakar yake ara ya kafa a gabansa. Shi ya goya Saje ranar da ƙarfe ya shige masa cinya, tafiyar da ta fi daga nan zuwa Gama. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Da laƙabi suke kiransa saboda tsayinsa, sunansa na yanka kuwa sau ɗaya ya faɗa, ranar da aka rubuta.

"Duk shekara nakan buɗe in duba," in ji Saje. "Ni na san yadda nake karkata shi ga haske ya fito. Sai in ce, au, haka ne sunansa. Sai in sake mantawa, tunda na san yana nan."

Na rufe littafina. Malam ne ya matso da kujerarsa. Ya ce shi ma ai mutumin can ne, bari ya gwada. Ya fara jero sunayen da ake sa wa maza a ƙasarsu, ɗaya bayan ɗaya, har da na kakanninsa. Saje yana cewa a'a, a'a, wannan ya yi kama amma ba shi ba ne, a'a. Suka yi ta yi har aka kira magariba. Sau biyu Saje ya ɗaga hannu kamar ya kamo, sai ya sauke.

Da muka tashi, ya ce in miƙo masa butar Malam. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya tsiyaya mata ruwa tun daga murfi. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, kamar yadda ya yi a ƙyallen gwajina. Ya ɗaga ta ya girgiza, ya shafa, a bushe.

"Aiki ya yi kyau, Farfesa," ya ce. "Ba a banza aka tura ka makaranta ba."

Da ya zage ni da na fi samun barci.

Washegari ya aiko a kira ni. Na same shi da farar takarda da biro. Ya ce in rubuta sunayen da babban rubutu, kowanne a layinsa, in bar layi na biyar a buɗe. Na rubuta. Ya ninke takardar ya sa a cikin jakar ya ɓalle.

"Nan dai ruwa ba zai same ta ba," ya ce. "An tabbatar mini."

Na sake ba shi haƙuri. Ya ce ya ji, ya yafe, kuma shi ma da laifinsa, shekara nawa yana riƙe da sunan mutumin da ya goya shi a jikin tsumma maimakon a ka. Na ce a'a, laifina ne ni kaɗai. Ya ce, "Yau ɗaya ka faɗi magana ba ka sa wataƙila ba."

Zamanmu a gindin mangwaro ya ci gaba. Bai canza mini fuska ba. Sai dai wata rana muna tafe ya miƙo mini lemarsa in riƙe zai ɗaure takalmi, kafin in karɓa ya janye ya maƙale ta a hammata, ya ce, "A'a, bar ta, haka nake son ta." Malam ya yi dariya har ya saki keke. Malam kuma duk sanda ya je gida ya dawo sai ya zo da sababbin sunaye da ya tambayo wurin tsofaffi, a zauna a gwada. Ba a dace ba, a iya sanina. Wani lokaci ana cikin wata hirar daban Saje zai yi shiru, leɓensa na motsi, mu ma sai mu yi shiru mu jira.

Daga baya na sami aikin koyarwa a wata sakandare, ba ta hanyar kawu ba, na bar unguwar. Saje ya yi ritaya daga sito ya koma gida gaba ɗaya, da jakar a kafaɗa, wannan karon bai bar wa kowa ba. Ban sani ba ko sunan ya dawo masa. Ina koya wa ɗalibai cewa kafin a yi gwaji a tabbata abin gwajin ya yi daidai da abin da za a yi wa aikin, kuma ban taɓa gaya musu inda na koyi wannan ba. Ƙyallena ba shi da rubutu. Da na ja masa layi ɗaya da fensir kafin in shafa, da na gani.

Wannan shi ne abin da nake iya tunawa. Malam, wanda har yanzu muna gaisawa, ya ce sau uku ya yi mini maganar buhu, ni biyu na riƙe, kuma ya ce ba hadari ba ne ya sa ni gaggawa, ɗoki ne. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya. Duk wanda ya zauna a layinmu a wancan lokaci ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙo ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zan karɓa da godiya. Ban sa sunayen shidan a nan ba don ban nemi izinin kowa ba. Amma in akwai wanda a gidansu, wajen Haɗeja, ake ba da labarin wani dogo mai wushirya da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, don Allah ya aiko mini da sunansa da na mahaifinsa. Littafin yana nan a wurina, layin da na ja yana nan, da abin da na rubuta a gefensa.